Kitson Yaya Ba Ya Daɗewa

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Yaya ta riga mu. Yayar maigidana ce, Allah Ya ji ƙansu su biyun, kuma gida ɗaya muka zauna da ita a Mandawari tun ina amarya har haƙorana suka fara zubewa. Ni ban iya rubutu ba. Autata ce take rubutawa ina faɗa mata, na kuma ce kada ta gyara mini magana ko ta ji abin da bai yi mata daɗi ba. Malamar asibitin da suka yi aiki tare da Yaya ce ta roƙi a rubuta wani abu a kanta, don kada yaran da suka zauna a gabanta su girma su manta da ita. Na ce idan za a rubuta to ni zan faɗa, domin ba wanda ya kalle ta kamar ni. Na ƙarar da rayuwata ina kallonta, kuma mafi yawan kallon da kishi na yi shi.

Ranar da aka kai ta, lungunmu ya kasa ɗaukar mutane. Na yi zaman makokin miji a tsakar gidan nan, na yi na ɗa, saboda haka na san iyakar jama'ar da gidan yake tarawa. Maigidana ɗan kasuwa ne mai mutane, amma bai samu rabin abin da Yaya ta samu ba, kuma na ji zafin haka a ƙirjina ina riƙe da carbi. Matan da ban taɓa gani ba suna tsallake ƙafafuna, su wuce ƙofar ɗakinta su durƙusa suna kuka, kamar ɗakin aka yi wa mutuwa. Wata da ta zo daga Goron Dutse ta juyo ta gan ni, ta ce, "Baba, ke ce mai taya ta aiki? Ya haƙuri?"

Na ce, "Da godiya." Ban faɗa mata cewa a gidan mijina take tsaye ba.

A zaure kuma, an ce wani matashi da gemu ya fara fito masa ya cire hularsa yana shafa kai yana kuka da ƙarfi, har dattawa suka yi masa faɗa. Sannan yara suka shigo, ba wanda ya aiko su. Suka wuce tabarmin da aka shimfiɗa, suka zauna a ƙasa gaban kujerarta 'yar tsugunno, kowa ya juya mata baya. Wata dattijuwa ta ce, "Yaran zamani ba tarbiyya, ku dubi yadda suka ba ɗakin mamaciya baya." Ni na san abin da suke yi.

Mutum ɗaya ce ba ta yi kuka ba, jikata, 'yar ɗana na fari. Ta tsaya jikin bango ta ɗaure ɗankwalinta tamau, ta ɗora hannu biyu a ka. Duk wanda ya yi mata gaisuwa sai ta dube shi kawai. Na san wannan shirun. Mun taɓa zama da shi a gidan nan.

Yaya ta yi aure ba ta haihu ba. Da mijinta ya rasu ta dawo gidan ƙanenta, na zo na same ta a ɗakin da yake kallon nawa. Tun ranar da aka kawo ni ta kira ni Amarya, kuma ba ta sake mini suna ba, har na yi jikoki, har bayana ya ranƙwafa. Doguwa ce mai manyan hannuwa. Tuwonta kullum da gudaji, idan aka yi magana sai ta ce ai ciki ba ya gani. Goro ɗaya takan yini da shi a kunci. Kuma tana da wata ɗabi'a da take ba ni haushi: idan kana yi mata magana ba ta kallonka. Sai ta sa ido a kan tsintar wake ko ɗinkin wani tsumma, ka yi zaton hankalinta ba ya wajenka, sai bayan shekara ta tuna maka abin da ka ce.

Da na haifi na farin, na yi abin da iyayenmu suka koya mana. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Na riƙe wannan kunyar da kyau, har ana misali da ni a dangi. Da aka yaye shi aka ba Yaya. Tsakanin ɗakina da nata taku kaɗan ne, amma daga ranar ya zama ɗan Yaya, ni ma haka nake kiransa. Ta bayan labule nake kallonta tana yi masa wanka, tana goga masa mai, tana yi masa waƙa da muryarta mai kauri. Idan ya faɗi ya kurje gwiwa, da gudu yake wuce ƙofata ya shiga tata. Da ya girma ya buɗe shagon kayan gini a Ƙofar Ruwa, idan ya sayo atamfa biyu, Yaya ce take fara zaɓa. Ba wanda ya zalunce ni. Haka ake yi, kuma ta riƙe shi da amana. Amma ba ranar da ya wuce ƙofata ban ji ba.

Abu ɗaya na fi ta, kuma kowa ya sani: kitso. Ni makitsiya ce. Amare daga unguwanni suke zuwa mini, in yi shuku, in yi kalaba, in yi zane, tsagata kamar an ja da zare. Kitsona yana wata guda a ka bai tashi ba. Na Yaya kuwa abin dariya ne. Tsaga a karkace, wani layin ƙato wani siriri, kafin kwana uku ya warware. Idan ta yi wa yarinya kitso nakan ce, "Yaya, kaji ne suka yi tono a kan nan?" Sai ta ce, "Amarya, ai kan bai yi ƙara ba."

Na taɓa zama a gabanta sau ɗaya. Ina cikin takabar maigida ne, gashina ya cukurkuɗe, ba na son kowa ya taɓa ni. Wata safiya ta shigo da ruwan ɗumi ba ta tambaye ni ba, ta wanke mini kai, ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta ina kallon bango. Ita ma ƙanenta ta rasa, amma ba ta ce komai ba. Hannunta kawai nake ji yana tafiya a hankali. Ban san lokacin da na fara magana ba. Na faɗi abubuwan da ban taɓa faɗa wa kowa ba a kan zamana da shi, masu daɗi da marasa daɗi, ita kuwa iyakarta "Uhm." Da ta gama na shafa kaina na ce, "Wannan kuma ai ko mahaukaciya ba za ta fita da shi ba." Ta ce, "To ina za ki je, ke da kike takaba?" Ranar na fara cin abinci sosai. Ba ta taɓa maimaita mini ko kalma ɗaya daga abin da na faɗa ba.

Sai ranar da aka kashe ɗan Yaya. Bayan la'asar ne. Ya ɗauko 'yarsa daga Islamiyya, lokacin ba ta wuce shekara shida ko bakwai ba, suna tafe a wani lungu sai samari masu ƙwacen waya suka tare shi da wuƙaƙe. Kafin mutane su kawo ɗauki ya cika. Ba wanda ya ga farkon abin sai yarinyar. Ina zaune a ƙofar ɗakina da kan wata mata a hannuna, sai ga ta ta shigo da gudu, ba takalmi, hijabinta da jini. Na miƙe na buɗe hannuwa. Ta wuce ni. Ta faɗa ɗakin Yaya ta shige bayan gado.

Daga ranar ta daina magana. Uwarta ta gama takaba danginta suka tafi da ita wani gari, aka bar mana yarinyar. Mun yi addu'a, an yi mata rubutu ta sha, an yi tofi. Ba ta cin nama. Idan aka ɗauko wuƙa za a yanka albasa sai jikinta ya kama rawa. Ni kuwa ina da tambaya a cikina da take cin raina: ya yi magana kafin ya cika? Me ya ce? Ya ambace ni? Sai in riƙe fuskarta da hannu biyu in ce, "Dube ni, uwata. Me kika gani? Faɗa wa Inna." Sai ta runtse ido ta sandare.

Autata ce ta nace aka kai ta asibiti, ɓangaren da ake duba masu damuwar zuciya. A can muka haɗu da Malama. Yarinya ce a kanmu amma mai natsuwa. Ta ce yarinyar ba aljani ne ya taɓa ta ba, kuma ba taurin kai take yi ba, abin da ta gani ne ya fi ƙarfin bakinta. Ta ce a ci gaba da addu'a, a riƙa kawo ta, amma a daina tambayarta. Ta faɗi wannan tana kallona.

Kan yarinyar kuwa ya lalace, na ce wannan dai fagena ne. Na zaunar da ita, na ɗauko kibiyata ta ƙarfe da nake tsaga da ita. Tana ganin ƙyallinta ta ƙwace ta yi ɗakin Yaya. Bayan ɗan lokaci na leƙa, na same ta zaune tsakanin ƙafafun Yaya tana kallon bango, Yaya tana tsaga da farce da wani tsohon matajin katako. Kitson ya warware bayan kwana biyu, ta sake yi mata. Ya warware, ta sake. Haka aka yi ta yi har damina ta wuce. Wata rana ina madafi ina tankaɗe, sai na ji wata 'yar murya a shaƙe ta ce, "Gwaggo, ina takalmina?"

Rariyar ta faɗi daga hannuna. Na jira in ji Yaya ta yi kabbara ko ta kira mu. Sai kawai na ji ta ce, "Wanne daga ciki?" kamar jiya ma sun yi hira. Na zauna a ƙasan madafi na yi kuka, rabinsa na godiya ga Allah, rabinsa na cewa me ya sa ba Inna ta kira ba.

Da Malama ta ji labari sai ta zo gida da kanta. Ta zauna ta kalli yadda Yaya take yi, ta ce akwai yara da yawa irin wannan a cikin gari, kuma iyayensu suna jin kunyar a gan su a wancan ɓangare na asibiti. Ta roƙi a ba ta aron zaurenmu ranar Asabar. Haka abin ya fara. Malama takan zo da takardu da fensira masu launi, yara su kwanta a tabarma su yi ta zane, ita kuma ta zauna da iyayen tana faɗa musu abin da za su yi idan yaro ya firgita. Yaya tana tsakar gida a kan kujerarta, duk yaron da ya ga dama ya je ya zauna. Akwai wadda aka gudo da ita daga ƙauye bayan 'yan bindiga sun shiga, idan ta ji ƙarar babur sai ta kwanta a ƙasa. Akwai wadda take ganin ana dukan uwarta a gida. Akwai yaron da aka sari yayansa a gabansa a faɗan 'yan daba, shi ne matashin nan da ya cire hula a zaure.

Maza ba su da gashin kitso, sai Yaya ta ce musu, "Zo nan in duba maka ƙwarƙwata." Na ce, "Yaya, kan da aka aske ƙwal, a ina ƙwarƙwata za ta zauna?" Ta ce, "Irin tasu ƙanana ce, idonki ba zai gani ba." Yaron ya zauna, ta yi ta bin kansa da yatsa, shi kuma yana kallon ƙofa yana zuba. Ba ta taɓa cewa ta iya komai ba. Idan ta ga yaro ya daina cin abinci, ko yana ji wa kansa ciwo, sai ta ce, "Wannan ya fi ƙarfin hannuna," ta sa mayafi ta raka uwar wajen Malama. Idan kuma a gida ake cutar yaron, ba ta ɓoyewa, ita da Malama sukan je wajen mai unguwa. Takan ce wa iyaye, "Kada ki tsare shi da ido. Ki sama wa hannunki aiki, ki bar masa kunnenki."

Ni kuma ina ƙofar ɗakina da kibiyata da man kitsona, ba yarinyar da take zuwa. Iyayen ma da na yi wa kitson aure, sai su gaishe ni su wuce da 'ya'yansu wajen mai karkatacciyar tsaga. Wata Asabar na kasa haƙuri na ce, "Wai Yaya, hannun ne ba ƙarfi, ko da gangan kike yi?"

Ta ce, "Naki wata nawa yake yi?"

Na ce, "Wata guda cur."

Ta ce, "To sai bayan wata za ki sake ganin mai kan ke nan. Ni jibi nake son ganinta."

Faɗanmu mafi girma kuwa a kan jikata muka yi shi. Lokacin ta koma makaranta, tana magana, har tsiwa ta koya. Amma maganar ranar nan ba ta taɓa yi da ni ba. Wata rana na ga sun daɗe a ɗaki, da Yaya ta fito idonta ya yi ja, ta tofar da goronta, abin da ba ta yi sai ranta ya ɓaci. Na bari yarinyar ta fita, na tare ta.

"Yaya, ta faɗa miki yadda aka yi?"

"Ta faɗa."

"Ya yi magana?"

"Amarya, miƙo mini butar nan."

"Ba zan miƙo ba. Ya yi magana ko bai yi ba?"

"Ba ni ta gani ba. Maganarta ce, ajiya ta ba ni."

Sai na faɗi abin da ban taɓa faɗa da bakina ba. Na ce, "Ni na haife shi!"

Ta dube ni, karo na farko da na tuna ta kalli tsakiyar idona. Ta ce, "Na sani. Ni na yanke cibiyar." Ta ɗauki butarta da kanta ta wuce.

Na raba tukunya da ita. Na daina gaishe ta sai dai in ce "an tashi lafiya" ina kallon rijiya. Na ce wa 'ya'yana ta ƙwace mini ɗa yana raye, ta ƙwace mini maganarsa ta ƙarshe, yanzu ta haɗa da 'yarsa. Ita kuwa kullum da safe sai in tarar da kofin kunun tsamiya a bakin ƙofata, da gudajinsa. Da farko kaji nake ba wa. Daga baya na fara sha. Mun shirya ba tare da wani ya ba wani haƙuri ba, amma ba ta faɗa mini ba, ni kuma ban daina jira ba. Da ta kwanta ciwon ajali, 'yan kwanaki ne kawai, ina zaune a gefenta ina ba ta ruwa da cokali, ina cewa a raina yanzu za ta faɗa. Abin da ta ce mini na ƙarshe shi ne in duba ko an ɗaure akuya. Ta cika da hantsi, da kalmar shahada, ta tafi da ajiyarta.

Kafin ta kwanta ta yi wa jikata kitso, shi ne na ƙarshe da hannunta ya yi. Shi yarinyar take dafewa ranar makoki. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, ba ta ce uffan ba, ba ta kuma cire ɗankwali ba ko wajen wanka. Kitson da ba ya kwana uku ya yi makonni, ya dunƙule ya fara wari. Gwaggonninta suka ce a danne ta a tsefe, wata ta ce a aske kawai. Na ga shirun nan na dā yana sake shimfiɗa tabarmarsa a gidana, kuma wadda ta kore shi wancan karon tana ƙarƙashin ƙasa.

Malama ta zo ta zauna da ita, ta fito ta ce kada a taɓa kan da ƙarfi. Sannan ta ce, "Hajiya, Asabar fa? Yara suna tambaya."

Na ce, "Zaure yana nan, ba wanda ya ɗauke shi."

Ta ce, "Kujerar fa?"

Na ce, "Malama, ni ba ita ba ce. Ni yara gudu na suke yi."

Ta ce, "Ki zauna kawai. Ko ba wanda ya zo."

Na zauna. Na bar kibiyata a ɗaki. Asabar ta farko ba wanda ya matso. Ta biyu wata 'yar ƙarama da ba ta san Yaya sosai ba ta zo ta zauna. Hannuna ya yi abin da ya saba, na ja gashin, yarinyar ta yi ƙara ta gudu. Asabar ta gaba ta dawo, uwarta ta turo ta. Na ce wa yatsuna su sassauta. Wallahi yin mummunan kitso ya fi yin mai kyau wuya ga wadda ta iya. Ina yi ina jin kunyar kada wata amaryata ta dā ta shigo ta gani. Ina cikin haka na ji an ce a bayana, "Ba haka take yi ba."

Jikata ce. Maganarta ta farko tun rasuwar, kuma gyara ne take yi mini da sunan Yaya. Ban juya ba. Na ce, "To ya take yi?"

Ta ce, "Ba ta sauri." Ta koma ɗaki.

Bayan kwana biyu, da hantsi, gida ba kowa, ina tsintar shinkafa sai na ga an ajiye matajin katakon nan a kan cinyata. Ta zauna tsakanin ƙafafuna, ta juya mini baya, ta kwance ɗankwalin da kanta. Na ture farantin. Na shafa man shanu na fara warware kitson Yaya da farce, a hankali, ina ji kamar hannunta nake cirewa daga kan yarinyar. Tambayata tana nan a maƙogwarona. Na danne ta da harshe.

Na kai rabin kai sannan ta fara. Tana kallon bango ta faɗi komai, tun daga fitowarsu Islamiyya. Mafi yawansa ba za a rubuta ba, nata ne. Abu ɗaya kawai ta yarda in faɗa, domin na tambaye ta kafin autata ta ɗauki biro. Ta ce da ya faɗi ƙasa ya dube ta, ya ce, "Gudu wajen Gwaggo." Sau biyu ya faɗa. Bai ƙara cewa komai ba.

Shekarun nan duka ina jiran in ji ko ya ambace ni. Bai ambace ni ba. Da numfashinsa na ƙarshe ya zaɓi inda zai tura 'yarsa, kuma ƙofar da yake gudu ya shiga yana yaro ita ya zaɓa. Yaya ta san wannan. Ta sha kunu da ni, ta sha gaba da ni, ta bari na ce ta ƙwace mini, ba ta taɓa ɗaukar wannan maganar ta rufe mini baki da ita ba, alhali kalma uku ce.

Hannuna ya tsaya. Hawaye yana zuba a kan gashinta, ina so in juyo da ita in rungume, in yi ihu. Sai ta ce, "Inna, kin tsaya."

Na ce, "Mai nake ƙarawa." Na ci gaba.

Ta ce, "Na tambayi Gwaggo ko in faɗa miki. Ta ce maganata ce, in faɗa ranar da na ga dama."

Na ce, "Uhm."

Na wanke mata kan, na yi mata layi kaɗan, manya, sakwa-sakwa. Da na gama ta shafa da tafin hannu daga goshi har ƙeya, ta ce, "Wannan ba zai kai jibi ba, Inna."

Na ce, "Na sani."

Mazan da suka kai Yaya sun faɗa mini cewa inda aka samu wuri a maƙabarta bai yi nisa da kabarin ɗan Yaya ba. Ko a can ta riga ni zuwa kusa da shi. Ba zan yi wa Allah ƙarya ba, ina kishinta har yau, kuma a salla ɗaya nake kishin nake yi mata addu'a. Ɗana ya tura 'yarsa inda ya kamata. Allah Ya ji ƙan Yaya, Ya yalwata mata kabari, Ya sa hannuwan nan nata su yi mata shaida. Duk wanda ya taɓa zama a gabanta, ko ɗansa ya zauna, ya karanta mata Ƙulhuwallahu. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, Ya kuma sa in same su tare.